SQL Server 2022 a kan Windows 11: manhaja mai ƙarfi, amma saka ta sai da dabara

Duk wanda ya sayi sabuwar kwamfuta mai Windows 11 yana son saka SQL Server 2022, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, to ya shirya. Manhajar dai ba ta da laifi wajen aiki. Nau'in Developer kyauta ne, yana da duk abin da ke cikin Enterprise, babban nau'in da ake saya, sai dai ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba. Shi ma Express kyauta ne, amma kowane rumbun bayanai ba zai wuce GB 10 ba. Matsalar tana wajen sakawa ne.

Ga yadda abin ke faruwa. Komai zai tafi daidai har kusan ƙarshe, sai aikin ya tsaya da saƙon "Wait on the Database Engine recovery handle failed". Wannan saƙo ba ya nuna inda ciwon yake, shi ya sa mutane ke ta cirewa suna sake sakawa a banza. Sai an buɗe fayil ɗin ERRORLOG, inda manhajar ke rubuta kurakuranta, sannan a ga kuskure mai lamba 5178 ko 5179, wanda ke magana a kan girman sekta, wato ƙaramin yankin da faifai ke rubuta bayanai a ciki.

Asalin abin daga faifan ajiya yake. SQL Server sekta iri biyu kawai ta sani: mai bayit 512 da mai 4096. Wasu faifan NVMe na zamani kuwa nasu ya kai 8192, 16384 ko fiye. A Windows 10 direban faifan kan ɓoye wannan, ya nuna girman da manhajar ke karɓa. Na Windows 11 shi kuma gaskiyar girman yake faɗa. Shi ya sa kwamfutar da ke aiki lafiya kan Windows 10 take iya daina kunna rumbun bayanan da zarar an ɗaga ta zuwa 11.

Kafin a saka komai, a buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, a rubuta:

fsutil fsinfo sectorinfo C:

A duba layukan PhysicalBytesPerSectorForAtomicity da PhysicalBytesPerSectorForPerformance, a ɗauki wanda ya fi girma. In ya nuna 512 ko 4096, a ci gaba. In ya haura haka, sai a gyara rijistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta, da wannan umarni, bayan an adana kwafinta:

REG ADD "HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Services\stornvme\Parameters\Device" /v "ForcedPhysicalSectorSizeInBytes" /t REG_MULTI_SZ /d "* 4095" /f

Daga nan a kashe kwamfutar a kunna, a sake dubawa da fsutil, a cire ragowar manhajar da ta lalace, sannan a saka ta sabuwa. Tazarar da ke tsakanin tauraro da lambar dole ce. In babu ita gyaran ba ya kamawa. Haka kuma gyaran direban stornvme na Microsoft kaɗai ya shafa. In kwamfutar na amfani da direban wani kamfani, mafita mafi sauƙi ita ce a ajiye fayilolin bayanai a wani faifai mai sekta 4096.

A ganina nan ne Microsoft ta gaza. Manhajar sakawar tana duba abubuwa da dama kafin ta fara, ya kamata a ce wannan na cikinsu, a gargaɗi mutum tun farko.

Sauran ƙananan abubuwa ne. SSMS, manhajar da ake sarrafa rumbun bayanan da ita, daban ake sauko da ita. A Express da Developer, TCP/IP, hanyar haɗuwa da wasu kwamfutoci, a rufe yake zuwa, sai an buɗe shi a Configuration Manager, a kuma ba ƙofar da SQL Server ke amfani da ita (galibi 1433) hanya a katangar tsaro kafin wata kwamfutar ta iya haɗuwa. Mai SQL Server 2016 ko wadda ta girme ta kuma ya haƙura, Windows 11 daga SQL Server 2017 zuwa sama take goyon baya.