Garejin da ya gyara min akwatin sitiyarin Land Cruiser a Kano

Duk mai tsohuwar Land Cruiser da sitiyarinta ya fara zubar da mai, shawarar da zai fara ji a bakin mutane ita ce ya cire akwatin ya jefar, ya sayo na baljiyam ya ɗaura. Ni ban bi wannan shawarar ba. Na kai tawa wani ƙaramin gareji a Kano, ba nisa da Ƙofar Ruwa, aka buɗe akwatin aka gyara shi. Ina ganin ya kamata masu irin motar nan su ji yadda aikin ya kasance, da abin da ya burge ni da wanda bai yi min daɗi ba.

Motata Land Cruiser 80 ce ƙirar 1995, mai injin 1HZ na gas, silinda shida, lita 4.2. Daga 1990 zuwa 1997 Toyota ta ƙera wannan samfurin a Japan, ka ga ko wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta sha miya. Sana'ata sayen riɗi da ƙaro, daga Nguru nake tashi in shiga ƙauyukan Machina da Yusufari, inda kwalta ke ƙarewa rairayi ya karɓa. A can sai ka rage wa taya iska kafin mota ta yarda ta tafi, kuma tayar da aka rage wa iska, ga kaya a baya, nauyin juya ta duk a kan akwatin sitiyari yake sauka. Ƙura kuwa ba a maganarta.

Da ɗan danshi abin ya fara, jan mai yana taruwa a ƙasan akwatin, daidai inda hannun ƙarfen nan yake, wanda makanikai ke kira fitman. Daga baya ya zama ɗigo, har na koma yawo da galan ɗin mai a bayan kujera. Da safe in na murza sitiyari sai in ji famfo yana kuka. Wannan kukan ne ya tayar min da hankali, domin famfon sitiyarin 1HZ ba bel ke juya shi ba, haƙoran injin ne, muddin injin na aiki shi ma yana juyawa, ko da mai ko babu. In ya bushe ya ci kansa, kuɗin gyaran ya ninka. Wani direba a tasha ya ce in zuba man birki kaɗan, wai robobin za su kumbura yoyon ya tsaya. Na ƙi. Kumburin da man birki ke sa wa irin waɗannan robobin lalacewarsu ce, bayan ɗan lokaci tiyo da famfo da akwati duk su kama zuba tare.

Wani abokin kasuwancina mai Hilux ne ya kwatanta min garejin. Rumfar kwano ce da benci biyu, babu allo babu suna, sai tarin tsofaffin akwatunan sitiyari a gefe guda. Maigarejin dattijo ne, furfura ta cinye gemunsa, kuma aikin sitiyari kaɗai yake yi, ba ya taɓa injin ba ya taɓa giya. Na ce masa, "Baba, sil ɗin ƙasa ne ya mutu, a canza min," ina nufin zoben robar da ke hana mai fita daga akwatin. Ya ce, "Alhaji, bari mu wanke tukuna mu ga wanda ya mutu." Ya sa yaronsa ya wanke wajen tas da kalanzir, aka busar, aka cika mai, aka tayar da mota ana murza sitiyari hagu da dama, shi kuma yana kwance a ƙasa da tocila. Dalilinsa shi ne mai ƙasa yake gangarowa, saboda haka duk inda yoyon ya fito, a kan fitman zai taru. Ya ce an sha kawo masa akwati a ce ya lalace, alhali tiyon da ke mayar da mai tanki ne kilif ɗinsa ya saki. A tawa dai akwatin ne da gaske, kuma wuri biyu: sil ɗin ƙasa, da na sama inda sandar sitiyari ke shiga.

Tun wajen cirewa na fara yarda da shi. Kafin ya kwance komai sai da ya miƙe tayoyin gaba, ya ɗaure sitiyarin da igiya, ya sa alama da farin fenti a mahaɗar sandar. Fitman kuwa da fula ya zare shi, wato ƙarfen da ake ɗaurewa ya janyo abu a hankali ba tare da duka ba. Na taɓa tsayawa a wani wuri na ga ana dukan fitman ɗin wata mota da babbar guduma, kuma duk dukan da aka yi a nan cikin akwatin yake shiga, kan haƙora da boris. Da akwatin ya fita ya goge jikin shasi inda yake zama, ya haska tocila yana bin ramukan notin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wajen nan yakan tsage a irin wannan motar, musamman wadda aka sa wa manyan tayoyi, kuma mai shi ba zai sani ba sai ya ji sitiyari yana yawo. Nawa lafiya lau.

Na zauna na kalli buɗewar daga farko har ƙarshe, bai kuma hana ni ba. Ga wanda bai taɓa gani ba, abin da ke ciki bai kai yadda ake tsoronsa ba. Sandar da ke zuwa daga sitiyari tana da zare kamar na babban noti, tana shiga cikin wani fistin, tsakaninsu kuma ƙananan ƙwallayen ƙarfe ne ke zagayawa don kada ƙarfe ya goge ƙarfe. In ka murza, fistin ɗin ya matsa gaba ko baya, haƙoran da ke jikinsa su juya sandar da ke sauka ƙasa, ita kuma ta juya fitman, fitman ya ja tayoyi. A bakin sandar sama akwai bawul da ke tura mai gefen fistin ɗin da ake bukata, shi ne ƙarfin da kake ji a hannunka. A kan wani farin tire ya zazzage ƙwallayen, ya ƙirga su da ƙarfi yaron yana maimaitawa, sannan ya rubuta adadin da alli a jikin bencin. Ya ce ko ɗaya ta ɓata ko ta faɗa inda ba gidanta ba, sitiyari zai iya cijewa ana cikin tafiya.

Sai ya ɗauko sandar ƙasa, ya goge ta, ya miƙo min ya ce in bi wajen da sil ke zama da farcena. Na bi, farcen ya maƙale. Tsatsa ta huda wajen ƙanana-ƙanana, ga kuma wani siririn layi da ya zagaye sandar, inda tsohon sil da rairayi suka daɗe suna ci. Ya ce, "Alhaji, ka ji? Ko sil ɗin zinariya na sa a kan wannan, kafin kaka ta wuce ka dawo kana zagina." A nan na gane abin da ya sa mutane da yawa ke cewa gyaran akwati ba ya daɗewa. Ana canza musu roba ne a bar ƙarfen da ya cinye robar farko. Ya kuma ɗaga sandar sama yana duban haƙoran da fitman ke shiga, ko sun murɗe. A Land Cruiser 80 sukan murɗe in taya ta daki wani abu da ƙarfi, har wasu na sa sandar Land Cruiser 105 da ta fi kauri, amma ita sai an haɗa da nata fitman ɗin. Ni bai ga dalilin da zan kashe wannan kuɗin ba tunda tayoyina na asali ne. A cikin tsofaffin akwatunan da ke gefe ya zaro wata sandar mai santsi, ya sa na bi ta da farce ita ma kafin mu yi ciniki. Sandar sama tsatsarta ba ta yi zurfi ba, ya goge ta da takardar yashi mai laushi da ɗan mai har ta yi ƙyalli.

Robobin ba ya sayarwa. Ya zuba tsofaffin a leda ya haɗa ni da yaronsa muka shiga kasuwa, ya ce in sayi saiti guda cikakke na asali, kada in yarda a tsinto min ɗai-ɗai. Saitin da muka samo ya ninka na arha a kuɗi fiye da sau biyu, amma da ka lanƙwasa bakin sil ɗin za ka ji bambanci, na arhar tauri gare shi. Wajen haɗawa akwai abu biyu da ban manta ba. Ya naɗe haƙoran sandar da salatif kafin ya zura sabon sil, don kada kaifinsu ya yanke masa baki tun bai fara aiki ba. Sannan fararen zobban tefulon, wata irin roba mai santsi, da ke kan fistin da bawul, in an sa su sukan buɗe su yi sako-sako. Bai tura su da ƙarfi ba. Ya naɗe su da yankin robar gora, ya ɗaure da kilif, ya ajiye, muka je muka yi la'asar muka dawo, ya kwance, sun koma sun kama jikinsu, suka shige salin-alin.

Akwai wani noti a saman akwatin da kowane makanike ya sani, wanda ake ɗaurewa in sitiyari ya yi wasa. Da yawa ɗaure shi suke yi har sai wasan ya ɓace gaba ɗaya, mai mota ya tafi yana murna, alhali haƙoran suna cin juna, kuma in ya sha kwana sitiyarin ba zai dawo tsakiya da kansa ba. Shi a kan benci ya saita nasa, yana juya sandar da yatsu daga ƙarshe zuwa ƙarshe, yana ƙara notin kaɗan-kaɗan har sai da ya ji ɗan tauri daidai tsakiya, gefe da gefe kuma sakayau. Na yaba da haƙurinsa, amma a nan nake da ƙorafi na farko. Akwai ma'aunin da ake gwada wannan taurin da shi, shi ba shi da shi, hannunsa ne ma'auninsa. Hannun da ya shekara da shekaru yana yi na yarda da shi. Ranar da ba ya nan yaransa suka karɓi aikin fa? Na faɗa masa haka, ya yi murmushi ya ce zai duba, ban dai ga alamar zai saya ba.

Bayan an ɗaura ya cire tankin man ya wanke rariyar da ke cikinsa, wadda baƙin datti ya kusa toshewa, ya zubar da tsohon man duka. Sabon da ya zuba jan man giya ne, Dexron, irin wanda Toyota ta ce a sa, kuma a gabana aka fasa galan ɗin. Aka ɗaga gaban motar da jak, injin a kashe, yaron yana murza sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe, shi yana kallon tanki yana ƙari, har kumfa ta daina tasowa, sannan aka tayar. Ya gargaɗe ni da in daina danne sitiyari a ƙarshensa fiye da daƙiƙa goma, abin da mu masu shiga rairayi muke yawan yi in mota ta kafe, domin a lokacin ne matsin man ke kaiwa maƙura yana zafi.

Sauran ƙorafina na tsari ne. Ya ce min aikin ba zai daɗe ba, sai ga shi na ƙara kwana a Kano ba da shiri ba, saboda yana cikin nawa ake kawo masa wani ya ajiye ya duba. In ka kira wayarsa ba ya ɗauka, sai ka zo da ƙafarka. Ba ya ba da rasit. Ya ce in ya zuba kafin shekara in dawo ya buɗe kyauta, na kuma yarda da maganarsa, amma mutumin da zai taso daga Yobe ya cancanci ko 'yar takarda ce. Tsohon man kuma a ƙasa yaran ke zubar da shi bayan rumfar, wajen ya yi baƙi ƙirin, ga yara 'yan makaranta na bi ta nan. Wannan bai dace da mai tsabtar aiki irinsa ba, na kuma gaya masa.

Kuɗin duka, da robobi da sanda da mai da ladan hannu, bai kai rabin abin da aka yi min tayin na baljiyam ba. Na baljiyam ɗin kuwa shekarunsa ɗaya da nawa, robobinsa sun tsufa kamar nawa, ga shi ya daɗe a ajiye babu mai a ciki, kuma ba wanda zai bari ka buɗe ka bi sandarsa da farce kafin ka biya. Akwai dai inda saye ya fi: in jikin akwatin ya tsage, ko ramin da fistin ke gudu a ciki ya karce. Shi da kansa ya nuna min wani irin haka a tarin, ya ce ya mayar wa mai shi bai karɓi aikin ba.

Motar ta yi kakar riɗi guda cur tun daga lokacin, ta shiga Yusufari da kaya ta fito, ƙasan akwatin a bushe yake, man tanki yana nan inda aka bar shi, kukan safe ya tafi. Ɗan wasan da ya rage a sitiyarin na tayrod ne, wato sandar da ke haɗa tayoyin gaba, ya nuna min shi tun a ranar ya ce ba aikinsa ba ne, na canza a Nguru. Wanda zai kai masa tasa ya tafi da shirin kwana, ya tsaya a kan aikin da kansa, kuma ya nemi a wanke motar a gwada a gabansa kafin a kwance noti ko ɗaya.