Goge tsohon suna a Cinder: da hannu ko da umarni?

Wani ƙanena yana kula da sabobin wani ofis a Gusau. Sun sauya wata tsohuwar na'ura, amma sunanta ya ƙi barin jerin ma'aikatan (services) Cinder, sashen ajiya na OpenStack, manhajar da ke haɗa sabobi su yi aiki tare a matsayin cloud. Kullum sai ya ga an rubuta mata "down". Ya tambaye ni, "Yaya, in shiga MariaDB in share ta kawai?"

MariaDB shi ne rumbun da Cinder ɗinsu ke ajiye bayanansa, kuma ana iya yin hakan. Layi ɗaya na DELETE a teburin services ya wadatar, kuma cikin ƙiftawar ido an gama. Sai dai rumbun ba ya tambayar ka ko ka tabbata. Ka manta da WHERE, wato sharaɗin da ke zaɓar layin da za a goge, ko ka kuskure harafi a sunan na'ura, ka kwashe masu rai tare da matacciya.

Ɗaya hanyar ita ce umarnin cinder-manage service remove, ka ba shi sunan ma'aikacin da na na'urar. Shi ba ya tumɓuke layin, alama yake sa masa cewa an goge, har sai ranar da ka kira db purge, umarnin da ke share layukan da aka yi wa wannan alama gaba ɗaya. Ka ga akwai damar gyara.

Duk wadda ka ɗauka, fara duba ko akwai faifan da har yanzu ke ɗauke da sunan tsohuwar na'urar. In akwai, mayar da su da volume update_host tukuna, in ba haka ba su zama marayu. Ni umarnin na ce ya bi, bayan ya ɗauki kwafin rumbun da umarnin mysqldump.