Wata huɗu ina riƙe da 'yar rakani-kashi

Ni tela ne a Tudun Wada, nan Gusau. Tun da na fara fito da 'yar ƙaramar wayar nan mai tocila, wadda yara ke kira rakani-kashi, mutane ke tambayata ko babbar aka sace, ko kuwa kasuwa ce ta juya mini baya. Ba ko ɗaya. Da kuɗina na saye ta, naira dubu goma sha uku, a wurin 'yan waya, babbar kuma tana nan lafiya lau a durowar keken ɗinki. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don irinta sun cika kasuwa kuma kusan duk halinsu ɗaya.

Rashin barci ne ya kai ni. Inna tana Tsafe, ƙannena biyu suna noma a bayan gari. Duk mai dangi a bakin hanyar Gusau zuwa Funtua ya san yadda ake kwana da kunne ɗaya a buɗe. Ga ni kuma cikin zaurukan WhatsApp sun kai goma: na 'yan garinmu, na teloli, na Islamiyyar su Khadija, na waɗanda muka yi firamare tare. Da an ce an ji harbi a wani wuri, kafin minti biyar saƙon murya guda zai shigo mini ta zaure huɗu, kowa ya ƙara nasa gishirin. Sau da yawa bidiyon ma tsoho ne, ko na wata jiha. To amma zuciya ba ta tambayar kwanan wata. Ƙarfe ɗaya na dare ina kwance, waya a kan fuska, ƙirji na dukan uku-uku, da asuba in tashi kamar wanda ya kwana dakan gero.

Ranar da na san abin ya wuce wasa, shaddar wani dattijo na yanka, yadi goma, na rage hannun riga da kusan inci uku. Shekara goma sha tara ina riƙe almakashi, ban taɓa irin wannan ba. Na biya shadda, na kuma je aka gwada jinina, aka ce ya ɗan hau. Ma'aikaciyar jinyar ta yi mini bayanin da ya zauna mini. Idan mutum ya tsorata, jiki kan saki wasu sinadarai, adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, don a samu ƙarfin tserewa. An yi su ne don ɗan lokaci, haɗari ya wuce su lafa. Wanda ke kallon tashin hankali a waya dare da rana bai ba su damar lafawa. Hasken fuskar wayar kuma yana jinkirta sinadarin da ke kawo barci, alhali babban mutum na buƙatar aƙalla awa bakwai.

A hanyar gida sai na tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka yanke layukan waya a Zamfara baki ɗaya, zamanin Gwamna Bello Matawalle. Mun sha wuya, ba na musu. Masu POS sun zauna, ciniki ya mutu, mutane na shiga mota har Funtua don kawai su kira ɗan'uwa su ce muna raye. Ba na fatan a maimaita. Amma akwai abin da nake jin kunyar faɗa: a makonnin nan ina yin isha'i nake bingirewa. Matsalar tana nan, ba ta je ko'ina ba, sai dai ba ta bina har kan katifa. Shi ne na ce bari in yanke wa kaina layi, daidai wanda zan iya ɗauka.

Wayar dai ga ta nan, tafin hannu ya rufe ta. Layi biyu take ci. Caji ɗaya na kai ni kwana huɗu, wani lokaci biyar, kuma wanda ke zaune a garin da wuta ke zuwa kamar baƙon biki ya san darajar wannan. Tocilarta ta fi ƙarfin jikinta. Da ita nake zura zare a allura idan an ɗauke wuta da magariba. Ta faɗo daga kan teburin yanka sau uku, murfi gabas batir yamma, na harhaɗa ta ci gaba da aiki. Tura kuɗi ina yi da lambobin banki da ake dannawa, ba sai da data ba. Akwai rediyon FM, sai dai ba ya kamawa sai ka soka abin kunne, don igiyarsa ce eriya. Da shi nake jin labarai sau ɗaya da safe, daga bakin mutumin da aikinsa ne ya tantance kafin ya faɗa, in an gama kuma an gama. Ba wani bidiyo na biye da zai ja ni.

Laifinta ma ba kaɗan ba ne. Cajar da ta zo a kwalin ba ta yi sati biyu ba ta mutu. Rubuta saƙo azaba ce: kafin ka sami "s" sai ka danna bakwai sau huɗu, ƙ da ɗ kuwa babu labarinsu. Da na kwaso lambobi daga babbar, sunaye suka guntule, na tashi da Alhaji har goma sha ɗaya ban san wane ne wane ba. Ƙararta in keke na gudu ba ka ji. Babbar asarar kuwa ta sana'a ce. Yanzu samfurin ɗinki a hoto ake turo shi, kuma a satin farko na rasa aikin anko na mutum takwas, don mai shi ya turo, ya ga shiru kwana biyu, ya kai wani wuri. Wannan ya ƙona mini rai. Dole na yi sulhu: babbar tana kwana a shago, ina buɗe ta bayan azahar da kuma kafin in rufe. Zaurukan nan na fita daga bakwai, wasu sun ji haushi, sun huce.

Kwanakin farko hannuna kan tafi aljihu da kansa, kamar mai barin goro. In ciro ta, in ga ba abin dubawa sai agogo da wasan maciji, in mayar. Daren na uku na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na zauna haka nan. Uwargida ta leƙo daga madafa ta dube ni.

"Baban Khadija, lafiya dai? Ko data ce ta ƙare?"

Na ce lafiya lau, hira na zo yi. Ta yi dariya har da riƙe baki, ta ce bari ta kawo kunu tunda yau muna da baƙo.

Kada wani ya ɗauka magani na saya. Tsoro bai bar ni ba, kuma ƙwayar hawan jinin da aka rubuta mini ina sha. Wanda baƙin ciki ko fargaba suka danne shi sati biyu ko fiye, ba ci ba barci ba sha'awar komai, likita zai nema. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan cikin Gusau, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a jihar Sakkwato. Abin da 'yar wayar ta yi mini ɗaya ne: labari ya daina zuwa mini ta bakin mutum ɗari da ban sani ba. In wani abu ya faru da gaske, ƙanena zai kira, kuma sau biyu ya kira.

Mun yi ƙa'ida da Inna, kullum bayan magariba zan buga. Minti biyu ne, uku. Shekaranjiya aiki ya sha kaina na manta, sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ji wayar na ruri a ƙarƙashin filo, lambar Tsafe. Kafin in ɗauka har na fara laluben takalmi.

"Inna, mi ya faru?"

"Ba komi, ɗan nan. Na ji ka shiru ne. Zanen nan nawa da ka ce za ka kalmashe tun Sallah, yana ina?"

Yana nan a shago, ƙarƙashin tarin yadi. Jiya na gama shi.