Berserk: Deluxe zaka saya, ƙananan littattafan, ko ka tsaya a waya?

Idan ka yanke shawarar mallakar Berserk, labarin zane na ƙasar Japan da ake kira manga, hanya uku ce a gabanka, ko ka sayi ƙananan littattafan kamfanin Dark Horse mai buga shi da Turanci, masu bango mai laushi, ko manyan nan baƙaƙe da ake kira Deluxe, ko kuma na lantarki da ake karantawa a waya da tablet. Akwai masu cewa su anime, wato fim ɗin zanen da aka yi daga labarin, ya ishe su, su ma zamu zo kansu. Amma tun yanzu in faɗa maka zan ɗan taɓa labarin, don ba yadda za'a yi in ce ka tsaya a littafi kaza ban faɗi dalili ba, wanda baya son a ɓata masa ko kaɗan to ya yi a hankali.

Abu na farko da ya kamata ka sani kafin ka cire ko sisi, labarin nan bai ƙare ba. Kentaro Miura ya fara shi a 1989, daga 1992 yake fitowa a mujallar Young Animal ta kamfanin Hakusensha, ya rasu ranar 6 ga Mayu 2021 yana da shekara 54, kuma juzu'i na 41 shi ne na ƙarshe da ya ƙunshi aikin hannunsa. Daga 2022 mataimakansa na Studio Gaga ne suka ci gaba da zanen, amininsa Kouji Mori yana kula da labarin bisa abin da Miura ya faɗa masa tun yana raye. To in kai mutum ne da baya iya fara labari sai ya san akwai ƙarshe a ajiye, ka san da wannan tun kafin ka biya.

Sai lissafin kuɗi, wanda shi ne ya fi ba mutane mamaki. Ƙaramin littafi ɗaya farashinsa na kamfani kusan dala 15 ne, Deluxe ɗaya kusan dala 50, amma shi Deluxe juzu'i uku ne aka haɗa a ciki. Kaga kenan uku na ƙananan dala 45, Deluxe dala 50, bambancin dala biyar ne kacal, kuma da wannan dala biyar ɗin kake samun bango mai tauri da takarda mai kyau da girman inci 7 da 10 maimakon wajen 5 da 7. Deluxe guda 14 ne gaba ɗaya, an fara fitar da su a 2019, in ka haɗa su duka kana maganar dala 700 kafin kuɗin kawowa, ƙananan 41 kuma ɗari shida da ɗoriya. Ka juya wannan zuwa naira ko sefa da kanka, ni bana son in ɗaga maka hankali.

Inda Deluxe yake cizo shi ne nauyi. Kowane ɗaya shafi wajen 700 ne, nauyinsa ya doshi kilo biyu, kuma masu kawo kaya daga Amurka ko Ingila da kilo suke caji, to in ka ce a ɗauro maka guda biyar kuɗin jirgi kaɗai zai iya sayen wani littafin. In kana da ɗan uwa ko aboki da zai dawo gida ya sako maka ɗaya ko biyu a akwati to ka more, amma kar ka ɗora wa bawan Allah guda bakwai ka ce ai littafi ne kawai. Sannan ba littafin da zaka kwanta rigingine ka ɗaga shi sama bane, wallahi hannu zai gaji kafin ka gama babi biyu, sai dai tebur ko ka ɗora a cinya. Ƙananan kuwa jaka zaka jefa ka tafi da shi ko'ina, kuma zaka iya saye ɗai-ɗai yadda aljihu ya bada dama.

Duk da haka ni Deluxe nake cewa a saya, kuma dalilina zanen ne. A littattafan farko zanen Miura yana da ɗan kaushi irin na ƙarshen shekarun 1980, a ƙaramar takarda ma baka rasa komai ba sosai, amma daga tsakiyar zangon Golden Age zuwa gaba mutumin nan ya haukace da zane, sulken kowane soja sai ya zana masa ƙusoshi, rundunar dawakai ta cika shafi biyu, hasumiyar da ke zangon Conviction, sarkin Kushan Ganishka lokacin da ya rikiɗe ya tokare sama, duk waɗannan a ƙaramin littafi tsakiyar hoton shigewa yake cikin ɗaurin littafin sai ka dinga banƙare shi har bayan ya karye. A waya kuma abin ya fi muni, hoton da aka zana don shafi biyu ka matse shi a allon da bai fi tafin hannu ba, kana ta ja da yatsa kana zuƙowa. In dai na lantarki zaka bi to ka nemi tablet, ana samunsa a Kindle, kuma yana da fa'ida ɗaya babba da zan faɗa a ƙasa.

Yanzu ga inda mutane suke yin asara. Wani zai sayi Deluxe na 1 kaɗai ya karanta ya ce wai wannan ne ake ta zuzutawa? Deluxe na 1 juzu'i 1 zuwa 3 ne, zangon Black Swordsman, kuma Guts, jarumin labarin, da zaka tarar a nan mutum ne mara mutunci, ido ɗaya, hannun ƙarfe mai igwa a ciki, ƙaton takobi da ya fi shi tsawo, baya tausayin kowa, ɗan aljanin nan Puck yana binsa yana masa surutu shi kuma yana wulaƙanta shi. Baka san me ya mayar da shi haka ba, baka san me yasa tambarin da ke wuyansa yake zubar da jini in dodanni sun matso ba. Sai a faɗansa da Count, wani basarake da ya zama dodo wanda yake da 'yarsa Theresia, zaka fara ganin God Hand, manyan aljanun da ke saman dodannin, su biyar, Void da Slan da Ubik da Conrad da Femto, ka ga yadda Guts ya rikice da ganin Femto, daga nan ne labarin ya koma baya zuwa haihuwarsa. Wato ainihin abin da ake yabo yana farawa ne a shafukan ƙarshe na littafin da ka saya. Wanda ya tsaya a nan bai karanta Berserk ba, ƙofar gidan kawai ya leƙa.

Asara ta biyu ta fi ciwo, wato ka saya har Deluxe na 4 kuɗi su ƙare. Na 4 juzu'i 10 zuwa 12 ne, kuma husufin nan da kowa ke magana a kai, lokacin da ake sadaukar da mutane ga God Hand, a juzu'i na 12 yake farawa ya ƙarasa a na 13, to zaka rufe littafin ne a daidai lokacin da sama ta yi duhu, rundunar Griffith, shugaban sojojin hayar da Guts ya shiga cikinsu, ta tsinci kanta a wurin da ba duniya ba, shikenan sai ka zauna jiran wata nawa kafin na 5 ya iso. Don haka in zaka yi kasafi ka yi shi a kan Deluxe 1 zuwa 5, ko ƙananan 1 zuwa 14. Wannan shi ne Golden Age cikakke, kuma ko daga nan baka ƙara sayen komai ba ka samu labari mai kai da gindi. A juzu'i na 14 ma akwai ɗan labarin gwaji da Miura ya zana a 1988 kafin ainihin Berserk, zaka ga Guts da ƙyallen rufe ido, abin dariya.

Kuma a cikin biyar ɗin nan ne duk gardamar da masoya ke yi take. Shin Griffith tun asali mugu ne da yake kallon mutanensa a matsayin matakala zuwa gidan sarautar da yake mafarki, ko kuwa mutum ne da ya ƙaunaci Guts fiye da yadda ya yarda, tafiyar Guts ta karya shi, shekara guda na azaba a kurkuku ta ƙarasa shi har ya zama ba harshe ba jijiya? Ni ina ganin duka biyun gaskiya ne kuma shi ya sa labarin yake da zafi, amma masu cewa wai bai yi laifin komai ba saboda jan behelit ɗin, ƙwan nan mai kiran God Hand, tun farko nasa ne kuma husufin duk shekara 216 yake zuwa, to su sake karantawa, an tambaye shi ne ko zai sadaukar da mutanensa kuma ya amsa da kansa. Abin da ya yi wa Casca kuwa ba wata ƙaddara da ta sa shi. Ita Casca ma akwai magana a kanta, mace ce da ta jagoranci rundunar lokacin da Griffith ke tsare, sannan marubucin ya ajiye ta ba hankali na tsawon juzu'i ashirin da wani abu, masoya da yawa har yau basu yafe masa wannan ba kuma ban ga laifinsu ba. Judeau kuma, kai, bari kawai in yi shiru.

Bayan na 5 sai ka tambayi kanka ko zaka ci gaba. Deluxe 6 da 7 suna kai ka ƙarshen juzu'i na 21, daidai inda Conviction ya ƙare, nan ne labarin Rosine da Jill yake ƙarasawa, wanda ba anime ɗin da ya taɓa yinsa, nan ne Farnese da Serpico da Mozgus mai azabtar da mutane da sunan addini. A ganina nan ne Berserk ya fi duhu kuma zanen ya fi kyau, in da hali kar ka bari. Daga Deluxe na 8 kuwa iska ta canza, Guts ya samu abokan tafiya, ga Isidro ga yarinyar nan mai sihiri Schierke, ga sulken Berserker da yake cinye mai sa shi, barkwanci ya ƙaru, Puck ya zama abin wasa, sannan ga doguwar tafiyar jirgin ruwa zuwa Elfhelm, garin su Puck, da ta ɗauki masu bin mujalla shekaru suna jira. Wasu sun ce labarin ya yi sanyi, wasu sun ce ai dama can inda ya dosa kenan, mutumin da ya rasa kowa ya sake koyon zama da mutane. Kar ka sayi 8 zuwa 14 a dunƙule sai ka ɗanɗana na 8 tukunna.

Abu biyu ga masu son tona asalin duniyar labarin. Babi na 83, inda Griffith ya yi magana da abin nan da ke can ƙasan rami, ya fito a mujalla amma Miura da kansa ya sa aka cire shi daga littattafai, to baya cikin ƙananan baya cikin Deluxe, kar wani ɗan kasuwa ya ce maka nasa na musamman ne yana da shi. Sannan Deluxe na 14 juzu'i biyu ne kawai, 40 da 41, aka cike da littafin jagora mai bayanin 'yan wasan da hira da Miura. Juzu'i na 42 baya cikin 14 ɗin nan, daban zaka neme shi.

Sai maganar da bai kamata a ɓoye ba. Littafin nan na manya ne, a naɗe cikin leda ake sayar da shi, akwai tsiraici ƙarara, akwai fyaɗe ba sau ɗaya ba har da wanda aka yi wa Guts yana yaro, akwai yanka da azabtarwa da aka zana dalla-dalla, ga kuma aljanu da ake bautawa. In gidan yawa kake, ƙanne da 'ya'yan yayye suna shigo maka ɗaki, yaro yana ganin zane zai ɗauka katun ne. Bangon Deluxe baƙi ne da jan rubutu ba hoton komai sai tambarin wuyan Guts, daga waje ba wanda zai zargi wani abu, amma in aka buɗe to hoton ma ya fi girma. Nan ne na lantarki ya yi musu fintinkau, ka sa lambar sirri ka huta. Shi ya sa ma nake ba mutum shawara ya fara sayen juzu'i ɗaya ko biyu na lantarki ya gwada zuciyarsa, in ya ga bazai iya ba ya tsira da kuɗinsa.

Masu anime, na 1997 mai kashi 25 shi ne mai kyau, kiɗan Susumu Hirasawa kaɗai ya isa, amma an cire Puck an cire Skull Knight, kuma ya yanke ne a tsakiyar husufi ba tare da ka ga yadda aka fita ba. Finafinai uku na 2012 zuwa 2013 sun taƙaita Golden Age sosai, an sake jera su a 2022 da ƙarin wasu wurare. Na 2016 kuwa mai zanen kwamfuta, ka bar shi kawai.

'Yan Nijar da Kamaru da Chadi da suka fi sakewa da Faransanci, kamfanin Glénat ne yake buga shi da Faransanci, ba dole sai na Dark Horse ba. Wanda kuma ya ji duk wannan ya ce shi yana son duhun da takubba da dodanni amma labarin da ya ƙare, to ya duba Claymore na Norihiro Yagi, juzu'i 27 ne ya kammala tun 2014, kamfanin Viz ya haɗa shi a akwati ɗaya, bai kai Berserk zane ba gaskiya amma bai kai shi tsiraici ba kuma.

In na hannu zaka saya, ka sa mai shi ya turo maka hoton littafin a buɗe a tsakiya da hoton kusurwoyin bangon, don Deluxe saboda nauyinsa kusurwa yake fara lotsewa in an yi jifa da shi a hanya, ƙananan kuma ɗaurin ne yake saki shafi ya fara zarewa. Ka tambaya ko juzu'an a jere suke, don akwai masu sayar da tari mai arha ka zo ka tarar babu na 13 a ciki.