Bututun GI mai shuɗin zobe: nauyi ake dubawa kafin fenti

Duk wanda ya shiga layin 'yan ƙarfe a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ya ce a ba shi faif ɗin GI, wato bututun ƙarfe mai shafin tutiya, inci biyu, tambayar da za a fara yi masa ita ce: mai kauri ko marar kauri? Wanda aka fi saye don aikin ruwa da ƙafar tanki shi ne mai shuɗin zobe a baki, wato matsakaici. Kaya ne mai kyau ƙwarai, in dai na gaskiya ne.

Bututun nan asalinsa falle ne. Masana'anta kan yanka nadin ƙarfe daidai faɗin da ake so, falle ya bi ta cikin jerin rola suna lanƙwasa shi kaɗan-kaɗan har baki biyu su fuskanci juna. Sai wutar lantarki ta gasa bakunan su yi jawur, rola biyu su matse su su haɗe. Ba a sa sandar walda ko ɗaya. Narkakken da ya bulbulo waje ana kankare shi da zafinsa, amma na ciki galibi ana barinsa, shi ya sa in ka zura yatsa za ka ji wani layi ya miƙe daga baki zuwa baki. Wannan ɗinkin ba aibi ba ne. Masana'antar kirki tana cika kowane bututu da ruwa ta matsa shi har "bar" 50 a ma'aunin matsi kafin ya fita. Daga nan a wanke shi da asid, a tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450, ta kama ciki da waje.

Matsalar tana wajen kauri. A tsohon ma'aunin Ingila BS 1387, wanda EN 10255 ya gada, inci biyu matsakaici kaurin bangonsa milimita 3.6 ne, faɗinsa na waje milimita 60.3, kuma mita ɗaya tana da nauyin kilo 5 da 'yan kai. Ke nan sanda mai mita 6 ta kai kilo 30. Mai jan zobe milimita 4.5 ne, sanda kusan kilo 37, marar kauri kuwa 2.9, kilo 24 da rabi. Shuɗin fenti kowa yana iya shafawa. A ɗora sanda a sikeli. In ta tsaya a kilo 22 ko 23, wannan ko marar kaurin bai kai ba, komai launin bakinsa. A kuma ja tef, domin da yawa daga na shigowa mita 5.8 ne, an yanke su ne don su shiga kwantena.

Ƙarancin kauri a wajen zare, wato tsagar da ake yi a bakin bututu don a murɗa shi ya ɗauru, yake fara tona asiri. Falamba in ya yanka zare ya cinye fiye da milimita ɗaya na bango. A bututu mai 3.6 akwai sauran nama. A mai milimita 2 abin da ya rage kamar gwangwani ne, kuma nan ne yake tsinkewa in an rataya masa famfo a rijiyar burtsatse, ko ya riƙa zufa a gindin soket bayan damina biyu.

Tutiyar ma iri biyu ce. Wanda aka tsoma bayan ɗinki launinsa toka-toka ne, da ɗan kaushi, cikinsa ma ya sha. Akwai wanda aka yi da fallen da aka riga aka shafe: sumul yake, yana ƙyalli, ya fi ɗaukar ido, amma shafin siriri ne kuma walda ta ƙone shi a kan ɗinki. A haska tocila ciki, in layin baƙi ne to tsatsa daga nan za ta fara. Irin wannan ya isa rumfa ko ƙyauren gida, kada a ba shi ruwa.

Ko na gaskiyar yana da inda ba ya jurewa. Ruwan ƙasa mai tsami, wanda pH ɗinsa, wato ma'aunin da ke sauka in tsami ya ƙaru, ya gaza 6.5, yana cin tutiya da wuri. Famfon tuƙa-tuƙa samfurin India Mark II da aka sa wa bututun GI inci ɗaya da kwata a irin wannan ruwa yakan soma ba da jan ruwa mai ƙarnin ƙarfe, mata su guje shi su koma rafi. Wannan asara ce mai ciwo, kuma gwajin ruwa kafin saye zai hana ta. A irin wurin a sa na roba mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa.

Mai walda kuma ya goge tutiyar da giranda kafin ya ɗora wuta, ya yi aikin a fili, don farin hayaƙin nan yana jawo zazzaɓi da ciwon kai. In zai lanƙwasa bututun, ya ajiye ɗinkin a gefe, kada ya faɗo a bayan gwiwa inda ƙarfe ya fi miƙewa. Bayan walda a shafa fenti mai tutiya a wurin da ya ƙone.