Zaɓen ɗaki a jirgin ruwan yawon shaƙatawa ga mai wahalar tafiya: a fara da banɗaki

Duk wanda zai tafi da tsoho, ko mai ciwon gwiwa, ko mai keken guragu yawon jirgin ruwa, to kafin ya tambayi tagar da ke kallon teku, ya tambayi banɗaki. Mutum zai iya haƙura da ɗaki marar taga har mako guda, amma banɗakin da ba ya shiguwa ba a haƙuri da shi ko na wuni ɗaya.

Ɗakin gama-gari shi ne mafi yawa, kuma a nan matsalar take. Faɗin ƙofarsa yakan tsaya wajen inci 22 zuwa 24, keken guragu kuwa galibi ya fi haka in an buɗe shi. Ƙofar banɗakin ta fi wannan matsi, ga kuma dokin ƙofa mai tudu da sai an ɗaga ƙafa an haura. Wurin wankan ɗan ƙuƙumi ne, mutum biyu ba sa tsayuwa a ciki. A tuna kuma jirgi yana tangaɗi, ƙasa jiƙaƙƙiya tana santsi. Wannan ɗaki na wanda ke takawa da ƙafarsa ne, gajiya kawai ke damunsa. Irinsa sai a roƙi kujerar wanka da abin ƙara wa masai tsawo. Kamfanin jiragen yawo na Royal Caribbean, alal misali, yana son a sanar da shi kwana 30 kafin tashi.

Sai ɗakin tsaka-tsaki. Kamfanin jiragen yawo na Carnival yana da shi, a taƙaice yana kiransa AAC, kuma an yi shi ne don masu dogara sanda ko masu tura ƙarfen dogarawa. Akwai ƙarafunan riƙewa a bango da wurin zama a shawa, amma ba a yi shi don keke ba, kuma ana iya cin karo da tudu a ƙofar banɗaki. Nan ne ake yawan yin kuskure, domin dillalin tafiya zai ce maka "ɗakin masu buƙata ta musamman ne", kai kuma ka ɗauka keke zai shiga har gindin shawa.

Wanda keke ke shiga shi ne cikakken ɗakin, FAC a wurin Carnival. Ƙofofinsa sun kai inci 32, wato kusan santimita 81, ƙasan shawa a shafe take ba tudu, da benci mai naɗewa a jikin bango, da kan shawa mai tiyo da ake riƙewa a hannu, da wurin wanke hannu da gwiwar mai keke ke shiga ƙarƙashinsa. Akwai kuma filin juya keke, kimanin mita ɗaya da rabi. Sai dai har a cikinsa akwai bambanci: wani ta gefe ɗaya kawai ake isa gadonsa. Ga wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka ma a banɗaki: in hannun dama ne mai ƙarfi, ƙarfen riƙewa kuma yana hagu da masai, to kamar babu shi. Don haka a tambayi lambar ɗakin, a nemi hotonsa shi kansa, a tambaya ta wane gefe ake sauka daga keke zuwa masai. A ɗauki tef ɗin tela a auna faɗin keken a gida tun kafin a biya.

A nawa ganin, duk wanda ba ya iya wanka sai an kama masa, cikakken ɗakin ya dace da shi ko da yana ɗan takawa, saboda mai taimakon ma yana buƙatar wurin tsayuwa. Ma'aikatan jirgi ba sa yi wa fasinja wanka ko ɗaga shi zuwa masai; aikin abokin tafiya ne. Injin ɗaga mutum ma galibi haya ake yi daga kamfanoni irin su Special Needs at Sea, su kai shi cikin jirgi.

Ga mai salla akwai ƙarin riba. Zama a benci da tiyo a hannu yana sauƙaƙa wanke ƙafa wajen alwala, maimakon ɗaga ƙafa zuwa wurin wanke hannu a jirgi mai motsi. Buta kuwa a taho da ita, don yawancin jiragen ba su da tiyon tsarki kusa da masai.

Doka tana ɗan taimakawa. A 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa dokar kare masu naƙasa ta ƙasar tana hawa kan jiragen da ke ɗauke da tutar wata ƙasa in suna ruwan Amurka, Tarayyar Turai ma tana da dokarta ta 2010 kan haƙƙin fasinjan ruwa. Amma doka ba ta yawaita ɗakunan ba. 'Yan kaɗan ne a kowane jirgi, kuma da wuri suke ƙarewa, don haka a kama ɗaki watanni da dama kafin tafiya, a cike takardar buƙatu ta kamfanin, a kuma karɓi tabbacin nau'in ɗakin a rubuce.