Wasiƙa daga Landan: yadda ɗanki ke haddar sau

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, da Hajiya da yara duka. Na ji saƙonki na murya, wai in nemo wa su Auta kwamfutar hannu tunda an ce yaran Ingila da wasa suke koyon lissafi. Kafin a kashe kuɗi, bari in ba ki labarin abin da idona ya gani a bana, da yake ɗanki yana aji huɗu.

Tun 2022 gwamnati ta wajabta wa duk ɗan aji huɗu a makarantunta na Ingila, wato masu shekara 8 zuwa 9, gwajin jadawalin sau a watan Yuni. A kwamfuta ake yi. Tambaya 25, kowacce daƙiƙa 6 kacal, daga gidan 2 zuwa gidan 12, kuma an fi ɗebo su daga gidajen 6, 7, 8, 9 da 12, masu ba yara wuya. Babu makin ci ko faɗuwa, ba a maimaita wa kowa aji. Amma da kin ga yadda malamai suka ɗauki abin da zafi, sai ki rantse jarrabawar fita ce.

Makarantarsu ta yi rajista da wani wasan intanet mai suna Times Tables Rock Stars. Ita ke biya, mu ba mu ba da ko kwabo ba, takarda kawai ya zo da ita ɗauke da sunan shiga da kalmar sirri. Yaro zai ƙera ɗan mutum-mutuminsa, duk amsar da ya ci a ba shi sulallan wasa, da su yake saya masa hula da tabarau da jita. Baban yara da ya hango jitar sai da ya tsuke fuska, muka sasanta a kan za a riƙa kashe sautin. Matsayi kuwa da sauri ake samun sa: mai amsawa ƙasa da daƙiƙa 3 yana da laƙabinsa, na ƙasa da daƙiƙa 1 shi ne gwarzon aji. Makon da aka haɗa ajinsu gasa da wani aji, yaron da sai na yayyafa masa ruwa yake tashi, ana idar da asuba yake neman wayata.

Abin da ya fi burge ni shi ne allon da wasan ke nuna wa malama. Kowane lissafi da launinsa, kore in yaro yana amsawa nan take, ja in yana jinkiri. Shi 7 sau 8 ya fi wata guda yana ja. Malamar ba ta tsaya sa shi ya faro daga gidan 2 ba, nan ta danna har 56 ta zauna. Ki tuna mu, aji guda muke rerawa daga bangon bayan littafin rubutu, malam na zagayawa da bulala, wanda bai iya ba ya laɓe cikin muryar jama'a yana motsa baki. Ni kaina a gidan 7 haka na yi ta yi, yau na tona.

Sai dai ran nan a kanti na ɗauki kwalin ƙwai 4, kowanne da 6 a ciki, na ce ya faɗa mini guda nawa ke nan. Ya tsaya yana kallon sama. Ina cewa "4 sau 6" ya ce 24 tun ban rufe baki ba. Jikina ya yi sanyi, don yarinyar da ke tallar awara a ƙofar gidanmu ba za ta yi wannan tsayuwar ba. Laifin nawa ne, na ga launi ya koma kore na ɗauka an gama. Tun ranar, bayan magariba nake zuba masa wake a faranti yana jerawa layi-layi, 4 a tsaye 6 a kwance, ya ƙirga, ya juya farantin ya ga 6 sau 4 ma haka take.

Kuma a nan wuta ba ta ɗaukewa, intanet ɗin gida wata-wata muke biya, ba mai lissafin data. A wurinku kwamfutar za ta fi daɗewa a shagon mai caji fiye da hannun yara, ga shi wasan sai da intanet. In kina son su ɗanɗana, akwai Hit the Button a shafin Topmarks, kyauta ne, zagaye ɗaya minti ɗaya, wayarki ma ta isa. Sauran kuwa kwalin indomi zai yi: ki yanka ƙanana, tambaya a gaba amsa a baya, ki ware waɗanda suke tuntuɓe a kansu, minti 5 kullum, wanda ya ci a ba shi alewa.

Kuɗin kwamfutar zan turo ta hannun Kawu ƙarshen wata, a sayi fitila mai sola da littattafai. Ki gaida Hajiya, ki ce maganin ƙafarta yana hanya. Ɗanki ya ce a tambayi Auta 12 sau 12, in ta ci zai aiko mata da cakulan.